Me ya sa hukumomi da yawa ke sa ido a kan gida ɗaya na riƙon yara a Amurka?

"Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana muna zaune a jihar Teksas, kusa da birnin Fot Wot, kuma wata takwas ke nan da aka amince mana mu karɓi riƙon yara daga hannun hukuma. Yanzu haka muna da yara biyu, wa da ƙanwarsa. A watan jiya kaɗai mutum biyar suka shigo gidana daga ofisoshi daban-daban, kowa da takardarsa, kowa yana maimaita tambayoyin da na riga na amsa. Wata ta ce in kulle duk wani magani a akwati, wata kuma ta ce maganin asmar yaron da yake shaƙa dole ya kasance inda hannu zai kai nan take. Don Allah wane ne ainihin mai iko a kan gidana, kuma wannan yawan sa ido yana kare yaran da gaske?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan nauyi da kuka ɗauka. Idan na fahimce ki, tambayarki kashi biyu ce. Kina son ki san yadda aka raba iko tsakanin masu shigowa gidanki, domin ki san maganar wa za ki bi idan sun saɓa, sannan kina son ki san ko tarin masu dubawa yana nufin tarin kariya ga yaran. Na yi shekaru ina wannan aiki, da farko a ƙungiya mai zaman kanta da ke ɗaukar iyalai masu riƙo tana sa musu ido, daga baya kuma a ɓangaren masu duba ko ana bin ƙa'idojin lasisi, don haka zan amsa miki daga abin da doka ta tanada da abin da idona ya gani. Ni ba lauya ba ne, kuma ƙa'idojin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, saboda haka duk inda maganata ta shafi hukunci a kan gidanki, ki haɗa ta da abin da ke rubuce a yarjejeniyar da kika sa wa hannu.

Tarayya ke ba da kuɗi, jiha ke riƙe da yaro

A Amurka babu hukuma ɗaya ta ƙasa da ke kula da riƙon yara. Kowace jiha ita ke da alhakin yaran da kotu ta cire daga hannun iyayensu saboda cin zarafi ko sakaci, kuma yaran da ke cikin wannan hali a faɗin ƙasar sun haura dubu 300 a kowane lokaci. Gwamnatin tarayya tana shigowa ne ta hanyar kuɗi. Tun daga dokar 1980 da ta kafa sashen da ake kira IV-E a cikin dokar tallafin jama'a, tarayya tana mayar wa jiha wani kaso na abin da ta kashe a kan ci da sha da suturar yaro, amma da sharaɗi, kuma babban sharaɗin shi ne gidan da yaron yake ya zama yana da cikakken lasisi ko amincewar hukuma. Idan masu binciken tarayya suka zo suka ga an biya kuɗi a kan gidan da takardunsa ba su cika ba, jiha ce za ta mayar da kuɗin. Wannan shi ne dalilin da ya sa za ki ga ma'aikaci ya damu ƙwarai da ranar da takardar horonki ta ƙare, wani lokaci fiye da yadda ya damu da abin da yaron ya ci da safe.

Da tafiya ta yi tafiya, majalisar tarayya ta riƙa ƙara sharuɗɗa, kowane sharaɗi kuma ya zo da mai duba shi. Dokar 1974 ta sa dole a naɗa wa yaro wakili mai kare muradinsa a kotu. Dokar 1997 ta kawo binciken tarihin laifuka na masu riƙo, ta kuma ce idan yaro ya yi wata 15 cikin 22 na baya-bayan nan a hannun hukuma, a fara shirin yanke haƙƙin iyayensa sai dai in akwai dalili karɓaɓɓe. A 2006 aka wajabta ɗaukar zanen yatsu da duba rajistar masu cin zarafin yara a duk jihar da mutum ya zauna cikin shekara biyar da suka wuce, a shekarar ce kuma aka kafa ƙa'idar cewa jami'in da ke riƙe da fayil ɗin yaro ya gan shi ido da ido duk wata, wadda daga baya aka ɗaga mizaninta zuwa kashi 95 cikin ɗari na ziyarorin da ake bukata. Ba a taɓa zama aka zana tsarin gaba ɗaya a takarda guda ba. An gina shi ne kamar gidan gado da kowane zamani ke ƙara masa ɗaki, sau da yawa bayan wani abin takaici ya faru da wani yaro jaridu sun ɗauka.

Wasu jihohin sun ƙara wani hawa a kan wannan, domin a Kalifoniya, Ohayo, Niyok, Fensilbeniya da Minesota gundumomi ne ke gudanar da aikin yau da kullum, jiha tana sa musu ido. Kalifoniya kaɗai tana da gunduma 58, kuma ƙungiya ɗaya mai zaman kanta tana iya karɓar yara daga gundumomi da yawa, kowace gunduma da kwangilarta da masu dubanta, ga kuma sashen lasisi na jiha a samansu duka. Wasu jihohin kuma, irin su Kansas tun daga 1996 da Fulorida bayanta, sun miƙa mafi yawan aikin ga ƙungiyoyi masu zaman kansu ta hanyar kwangila.

Masu ƙwanƙwasa ƙofarki a Teksas

A jiharku, hukuma ba ta ba gidanki lasisi kai tsaye ba. Ƙungiyar da ta ɗauke ku, ta horar da ku, ta yi nazarin gidanku, ita ce ke riƙe da lasisi, ita ce kuma ta tabbatar da gidanki a ƙarƙashin lasisinta. Saboda haka ma'aikaciyar wannan ƙungiya ita ce ta fi kowa kusa da ke, ita ke da alhakin ganin gidan ya cika ƙa'ida, kuma duk laifin da aka kama a gidanki a kan ƙungiyar ake rubuta shi. Idan kin lura tana yawan tsanantawa fiye da abin da doka ta ce, dalilin ke nan, domin ƙungiyoyi da yawa suna ƙara nasu sharuɗɗan a kan na jiha don su tsare lasisinsu da inshorarsu.

Mai ba ƙungiyar lasisi ita ce hukumar lafiya da ayyukan jin kai ta jiha, wadda ake taƙaitawa HHSC. Ita ke rubuta mafi ƙarancin ƙa'idojin da dole a cika, ita ke duba ofishin ƙungiyar da fayilolinta, kuma tana zaɓen wasu gidaje ba tare da sanarwa ba ta je ta gani da idonta. Sufetonta ba ruwansa da shari'ar yaro ko maganar komawarsa ga iyayensa. Abin da ya kawo shi shi ne na'urar gano hayaƙi, abin kashe gobara, wurin ajiye magani da makami, yawan yara a ɗaki, da takardun duk wani baligi da ke kwana a gidan.

Yaran kuwa suna hannun wata hukuma dabam, wato hukumar kula da iyali da kare yara, DFPS, wadda kotu ta naɗa a matsayin mai riƙe da amanarsu a shari'ance. Da can sashen lasisi yana cikin wannan hukuma, sai a 2017 aka cire shi aka mayar da shi HHSC, amma binciken zargin cin zarafi ko sakaci a gidajen riƙo ya ci gaba da zama a DFPS. Wannan rabuwa tana da muhimmanci, domin idan aka kai ƙara ɗaya a kan gida, wata hukuma ce za ta binciki ko an cutar da yaro, wata kuma ta binciki ko an karya ƙa'ida, kuma kowace tana iya aiko mutuminta a rana dabam. A shekarar 2017 ɗin dai majalisar jiha ta faɗaɗa tsarin da ke miƙa nema wa yara gida, daga baya har da riƙe fayilolinsu, ga babbar ƙungiya ɗaya a kowane yanki, kuma yankin Fot Wot yana cikin wuraren da aka fara gwada shi. Don haka mai zuwa ganin yaran duk wata a wajenku mai yiwuwa ma'aikaciyar wannan babbar ƙungiya ce, wadda ita ma tana da kwangila da ƙungiyarku tana duba ta, ita kuma DFPS tana duba babbar.

Sai ɓangaren kotu. Alƙali yana da lauyan da ya naɗa wa yaran, sau da yawa da wani ɗan sa kai mai wakiltar muradinsu, kuma dukansu suna da damar zuwa su ga inda yaran suke kafin zaman kotu. Ga kuma tsarin inshorar lafiya na yaran riƙo, wanda ke da nasa wa'adin, kamar ganin likita ga wasu yara cikin kwana uku na aiki bayan an cire su, da cikakken duba lafiya cikin kwana 30. In kin ƙirga za ki ga mutum biyar a wata ɗaya ba abin mamaki ba ne, ko da yake sanin hakan ba ya rage gajiyar.

A taƙaice dai, ikon ya rabu gida uku. Abin da ya shafi gidan kansa yana hannun ƙungiyarki a ƙarƙashin ƙa'idojin HHSC, abin da ya shafi yaron, kamar tafiya da ziyarar iyaye, yana hannun mai riƙe da fayil ɗinsa a madadin DFPS, alƙali kuma yana saman kowa a kan duk abin da ya ba da umarni.

Dalilin da ya sa ba a haɗe su wuri ɗaya ba

Mutane da yawa da suka gaji irin gajiyarki sukan ce a rushe duka a bar ofishi ɗaya. Ni ban goyi bayan haka ba, kuma dalilina daga aikin ya fito. Jami'in da ke nema wa yaro wurin kwana da ƙarfe goma na dare, alhali yaron yana zaune a kujerar ofishi da kayansa a leda, babu abin da yake so kamar gado. Idan shi ne kuma ke da ikon rufe gidan da bai cika ƙa'ida ba, zuciyarsa za ta riƙa nema wa gidan uzuri, domin rufe shi na nufin ƙarin yara uku ko huɗu da zai rasa inda zai kai. Haka ita ma ƙungiya mai zaman kanta, ana biyanta ne bisa kowace rana da yaro ya kwana a ɗaya daga cikin gidajenta, saboda haka idan aka bar ta ita kaɗai ta binciki kanta, an haɗa mata amana da riba a hannu ɗaya. Na zauna a taron da aka yi ta jan magana a kan gidan da kowa ya san bai dace ba, don kawai shi kaɗai ne ke karɓar samari masu wuyar sha'ani. Abin da ya raba gardamar a ranar shi ne akwai wani sufeto daga waje wanda rashin gado ba matsalarsa ba ce. Wannan irin ido na waje yana da amfani na gaske, kuma duk gyaran da zai kawar da shi zai jawo ɓarna.

Inda tsarin ke yoyo

Amsar kashi na biyu na tambayarki ita ce yawan masu dubawa bai zama kariya da kansa ba, kuma abin da na gani ya fi damuna shi ne yadda kowa ke ganin gefe ɗaya ya ɗauka wani ya ga sauran. Na taɓa bin fayil ɗin wani gida bayan an cire yara daga cikinsa. Ma'aikaciyar ƙungiya ta rubuta cewa uwar riƙon tana yawan soke ziyara. Jami'in yaro ɗaya ya rubuta cewa yaronsa ya rame. Jami'ar wata yarinya da ke gidan, wadda ta fito daga wata gunduma, ta rubuta cewa yarinyar ba ta son yin magana idan uban riƙon yana kusa. Makaranta ta kira sau biyu a kan rashin zuwa, an kuma taɓa kai ƙara an rufe ta da cewa ba a sami hujja ba. Kowanne daga cikin waɗannan in aka ɗauke shi shi kaɗai bai isa a rufe gida ba, amma duk wanda ya karanta su a jere cikin minti goma zai tashi tsaye. Babu wanda ya karanta su a jere, domin suna cikin kwamfutoci huɗu da ba sa magana da juna, kuma babu mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin haɗa su. Har yau ina tuna wannan fayil idan wani ya ce mini gida yana da masu dubawa biyar.

Wannan matsala ta fito fili a shari'ar da aka shigar da jihar Teksas a 2011 a madadin yaran da suka daɗe a hannun hukuma. A watan Disamba na 2015 alƙaliya Janis Jack ta kotun tarayya da ke Kofas Kiristi ta yanke hukuncin cewa tsarin ya tauye haƙƙin da kundin tsarin mulki ya ba yaran, kuma cikin abubuwan da ta kama har da yawan fayiloli a hannun jami'i ɗaya da raunin binciken da ake yi a gidaje da cibiyoyin kwana na yara masu lasisi. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wasu sassan hukuncin, amma ta tabbatar da waɗannan biyun. Sakamakon haka aka naɗa masu sa ido na kotu, aka kuma ƙirƙiro matakin tsananta dubawa ga ƙungiyoyin da ke da tarihin yawan karya ƙa'ida, wanda amfaninsa shi ne ya tilasta wa HHSC da DFPS su zauna su dubi tarihin ƙungiya gaba ɗayansa. Sai dai ya kuma zama ƙarin hawa a kan hawa, kuma masu cibiyoyi da dama sun ce shi ya sa suka rufe ko suka daina karɓar yara masu buƙatu na musamman, a daidai lokacin da ɗaruruwan yara ke kwana a ofisoshi da otal-otal a 2021. A 2024 alƙaliyar ta ci tarar jihar dala dubu 100 a kullum kan gazawar wani sashen bincike, amma a watan Oktoba na shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta soke tarar ta kuma cire ta daga shari'ar. Mutane masu gaskiya sun saɓa a kan wannan shari'a. Ra'ayina shi ne rufe wurin da ke cutar da yara ba asara ba ce ko da gado ya ragu, amma ɗora wa gida mai kyau takardu iri ɗaya da na mugun wuri asara ce da za a iya kauce mata.

Yoyon ya fi muni idan yaro ya tsallaka iyakar jiha. Akwai yarjejeniya tsakanin jihohi da aka tsara tun 1960, wadda dukan jihohi 50 suka shiga, kuma a ƙarƙashinta jihar da ta aika yaro ita ke ci gaba da riƙe alhakinsa, jihar da ta karɓa kuma ita ke da lasisin wurin. A aikace, mai aikawa takan dogara da lasisin mai karɓa, mai karɓa kuma takan ce ai yaron ba nata ba ne. A 2020 wani yaro ɗan shekara 16 ya rasu bayan ma'aikata sun danne shi a wata cibiya da ke Kalamazu a jihar Mishigan, cibiyar da ke karɓar yara daga jihohi daban-daban, kuma sai bayan rasuwarsa aka soke lasisinta. Kafin shekarar ta ƙare Kalifoniya ta yanke shawarar dawo da yaranta daga cibiyoyin wajen jiha. A 2024 ma ofishin babban sufeto na ma'aikatar lafiya ta tarayya ya ba da rahoton cewa jihohi da yawa ba su da bayanan da za su iya gano cin zarafin da ke maimaituwa a cibiyoyi, musamman waɗanda kamfani ɗaya ke gudanarwa a jihohi da dama.

A matakin gidaje irin naki, kwatankwacin wannan shi ne gidan da ƙungiya ta fara zargi sai ya ajiye takardarsa ya koma wata ƙungiyar. Ƙa'ida ta ce sabuwar ƙungiya ta nemi bayani daga tsohuwar, amma abin da ake aikowa sau da yawa shi ne abin da aka tabbatar a rubuce, shakkun da ke zukatan ma'aikata kuwa ba sa bin fayil.

Nauyin da ke kan masu riƙo na gari

Ɗaya fuskar ita ce wadda kike ciki. Gidan da ke bin gaskiya shi ya fi jin nauyin maimaici, domin shi ke buɗe ƙofa kowane lokaci, shi ke cike kowace takarda. Na ga iyalai masu kirki sun ajiye riƙo cikin shekarar farko ko ta biyu, kuma da na tambaye su, kaɗan ne suka ce yaran ne suka gajiyar da su. Yaran ma suna biyan nasu kason, domin yaron da aka raba da mahaifiyarsa, sannan baƙi biyar suka tambaye shi a wata ɗaya ko yana jin tsoro a gidan nan, yana iya fahimtar cewa gidan ba wurin natsuwa ba ne, ko ya koyi ba da amsar da za ta sa a ƙyale shi da wuri.

Mu da muka taso a inda riƙo al'ada ce, inda gwaggo ko kaka ke ɗaukar yaro ba takarda ba sa hannu, mun fi jin wannan abu baƙo. Amma ko a gida mun san ɗan riƙo yakan sha wuya idan babu mai leƙowa, mun kuma san abin da ke kare shi shi ne kawu ɗaya da ya san shi tun yana goye, wanda zai gane canji a fuskarsa. Amurka ma ta fara gane cewa ƙa'idojin da aka rubuta don baƙi suna hana dangi. Dokar 2008 ta ba jihohi damar yi wa dangi sassauci a kan sharuɗɗan da ba su shafi tsaro ba, kamar girman ɗaki, sannan a watan Satumba na 2023 tarayya ta fitar da ƙa'idar da ta ba su damar yin mizani na dabam mai sauƙi ga dangin yaro, tare da biyansu daidai da sauran masu riƙo.

Gyaran da nake ganin zai yi aiki ya bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Binciken zargi da ikon rufe wuri su ci gaba da zama a hannun wanda ba shi da buƙatar gadon. Tattara takardu kuwa, irin su shaidar horo, binciken gobara da zanen yatsu, babu dalilin da zai sa hukuma uku su nemi abu ɗaya, ɗaya ta karɓa sauran su amince da nata. Bayan haka a sami fayil ɗaya ga kowane gida, wanda duk mai ziyara ke rubutu a ciki yana kuma ganin na sauran, da mutum ɗaya mai suna da aka ce shi zai karanta shi duk wata. Wannan na ƙarshe shi ya fi arha, shi ne kuma aka fi sakaci da shi.

Abin da za ki yi a gidanki

Game da maganin asma, duka matan biyu suna faɗin wani ɓangare na gaskiya. Ƙa'idar lasisi tana son a kulle magunguna don kada yaro ya sha abin da ba nasa ba, likita kuma yana son maganin gaggawa ya kasance kusa domin numfashi ba ya jiran a nemo makulli. Ki nemi likitan yaron ya rubuta cewa wannan magani na gaggawa ne da dole ya kasance a kusa, ki kai wa ma'aikaciyar ƙungiyarki, ki roƙe ta ta rubuta a cikin tsarin kula da yaron inda za a ajiye shi da wanda zai riƙa ba shi, sannan ta aika kwafi ga jami'ar da ke riƙe da fayil ɗinsa. Da wannan takarda a hannunki, duk sufeton da ya zo zai ga an yi abin da sani. Kafin takardar ta fito, ki ajiye shi inda ke za ki kai hannu cikin daƙiƙa amma ƙanwarsa ba za ta kai ba, ki kuma sanar da su a rubuce cewa haka kika yi.

Wannan hanya ita za ki bi a duk saɓani. Idan aka ba ki umarni, ki tambaya cikin ladabi ko daga ƙa'idar jiha ya fito, ko daga dokar cikin gida ta ƙungiya, ko daga umarnin alƙali, ki kuma nemi a nuna miki a rubuce, domin wani lokaci abin da ake faɗa da sunan doka al'adar ofishi ce kawai. Kada ki zama 'yar aike tsakanin ma'aikata biyu. Ki tura musu saƙo ɗaya a tare, ki bayyana abin da kowace ta ce, ki roƙe su su ba ki amsa guda. Ki ajiye littafi a gida da za ki riƙa rubuta sunan duk wanda ya zo, ofishinsa, ranar da abin da ya ce, kuma ki haɗa takardunki a fayil ɗaya don kada kowace ziyara ta zama neman takarda. Kina da damar roƙon a haɗa ziyarar ƙungiya da ta jami'ar yara a rana ɗaya, kuma da yawa sukan yarda, ko da yake ziyarar ba-zata da ganawa da yaro shi kaɗai ba abin da za ki hana ba ne, bai kuma kamata ki so hanawa ba.

Idan yaran sun faɗa miki wani abu da ya faru da su, a gidan da suka baro ko wajen ziyara ko a makaranta, kada ki tsaya ga gaya wa ma'aikaciya ɗaya kina zaton za ta isar. Dokar Teksas ta ɗora wa kowane mutum wajibcin kai rahoto idan yana zargin an cutar da yaro, don haka ki kira layin karɓar rahoto na jiha da kanki, ki rubuta lambar da za su ba ki, sannan ki sanar da ƙungiyarki da lauyan yaran a ranar. Doka ta kuma ba ki haƙƙin a sanar da ke zaman kotu da haƙƙin a ji ta bakinki a wurin, kuma ina ba ki shawara ki riƙa zuwa da littafin nan naki, domin a cikin duk waɗanda za su tsaya gaban alƙali ke kaɗai ce kike ganin yaran da safe da dare.